Geron da Arzika Ya Kai Gindin Tafki

In ka taɓa tsayawa a tashar Shanga kana jiran mota ta cika, wataƙila ka ga wani dogon dattijo siriri, hannun rigarsa ɗaya a naɗe har kafaɗa, ɗayan a sake. Ba tela ne ya cuce shi ba. Arzika mai gina rijiya ke nan, hannun da ya naɗe ɗin kuwa shi ne ma'auninsa. Duk inda mota ta tsaya, fasinja su watse neman ruwan sha da soyayyen kifi, shi kuwa sai ya zaro ɗan gajeren daginsa daga buhu ya faɗa gonar da ta fi kusa. Ya gina rami, ya zura hannu har inda yatsunsa za su ji sanyi, ya ɗebo ƙasar wurin ya dunƙule ta kamar dawo. In ta kama jikinta, ya yi hamdala. In ta wargaje a tafinsa, ya yi shiru, shirun nan nasa kuwa ya fi gulmar kasuwa saurin yawo.

Direbobi sun raɗa masa Likitan Gona. Sukan leƙo ta taga su ce, "Baba, in an gama duba marar lafiya, mu tahi." Ba ya fushi, ba ya kuma dariya. Mutumin da ke aiki da tsoro ba shi da lokacin ko ɗaya.

Tsoron kuwa tsoho ne. An haife shi a wani ƙauye kan tudu, gabas da Shanga, inda ƙasa ke shan ruwa da maraice ta manta da safe. Shi Inna ta fara haifa, saboda haka har yau sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai "kai" ko "wancan". Yana ɗan saurayi aka yi babban farin nan da tsofaffi ba sa son a tuna musu. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Ubansu ya ɗauki sanda ya ce za shi kudu nemo abinci, har yau ana jiran sallamarsa. Abin da ya rage a gidan tulu ɗaya ne, cike da irin gero da aka gauraya da toka aka liƙe bakin da laka. Wani gajeren gero ne mai saurin ƙosawa, wanda Inna ta zo da shi daga gidan iyayenta, ba a samunsa a kasuwa. Ta binne tulun a ɗakinta, ta shimfiɗa tabarma a kai, ta kwanta. Yara suna kuka, tana dafa musu tafasa da ganyen rama. Ƙanwar Arzika, ƙaramarsu duka, ba ta ga ƙarshen shekarar ba. Inna ba ta ɗaga tabarmar ba. Da damina ta dawo, tulun nan ne ya ta da gidan, har maƙwabta suka samu na shuka.

Mutanen ƙauyen suna son ba da labarin nan, suna yaba wa Inna. Arzika in aka fara sai ya tashi. Shi ne ya ga inda yarinyar take kallo tana kwance.

Daga nan ya bi masu ginar rijiya, wai sai ya ga inda ruwa ke ɓuya. Ya gina a Shanga, ya gina a Yelwa, ya gina a ƙauyukan Ngaski, har hannunsa ya san ƙasar kowane yanki kamar yadda harshe ya san miyar gida. Abin dariya a nan, mutumin da zai sauka rijiyar da ba a hango gindinta da bisimilla ɗaya, a nuna masa kwale-kwale sai ya ja da baya. Bai iya iyo ba, bai kuma taɓa sha'awar koyo ba. Matarsa Zainabu takan ce ko bokitin wanka in ya cika da yawa sai an rage masa.

To, wata damina da ba a daɗe da yi ba, ruwan farko ya sauka kamar da gaske. Kowa ya ɗauki sungumi. Shuka ta fito tana ɗaga kunne, sai sama ta ɗauke, rana ta cinye ta. Aka sake yin wani yayyafi mai ruɗi, aka sake shuka, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Tulun Inna, wanda ake cikawa duk kaka, ya koma gindinsa. Dokar gidan kuwa ɗaya ce, ba a kife tulu. Ko me ake ciki, sai an bar na gindi.

Arzika ya ɗauki dagi ya shiga mota. Da ya dawo, ya zauna a ƙofar ɗakin Inna ya kwance ƙulli uku na leda. Inna ta tsufa, idonta ya tafi, sai da ya kama hannunta ya ɗora a kan na farko.

Ya ce, "Wagga ta gonarmu ce, Inna. Har hammata na zura, ban ji sanyi ba."

Ta murza, ƙasar ta zube tsakanin yatsunta kamar garin kwaki.

"Wagga ta wajen Birnin Yauri ce. Su a gwiwar hannu danshi ya tsaya musu. Suna da sauran numfashi, amma ba mai yawa ba."

"Ta ukun hwa?"

"Ta bakin tabki ce, bayan Wara, gonar abokina Daniel. Ko wuyan hannu ban kai ba."

Inna ta matsa dunƙulen, bai fashe ba. Ta kai shi hanci ta daɗe tana shaƙa.

Zainabu, da ke tsaye da ludayi, ta ce, "Malam, ai an faɗi haka a rediyo kana can. Wai akwai na'urar da ke duba danshin gonaki daga sama, ta ce tudun Shanga ya fi ko'ina bushewa. Ka ga da ka zauna gida ka huta da ƙurar mota."

Da wasa ta faɗa, amma shi bai ɗauke ta wasa ba. Duk hanya addu'a yake yi a ce hannunsa ne ya tsufa ya fara ƙarya. Yanzu ga shaida ta biyu.

Inna ta ce, "A bar na gindi ya kwana a tulu. Baɗi ma shekara ce."

Arzika ya ce, "Wa za ya kwanta a kai, Inna?"

A tsakar gida autarsa Shamsiyya tana dafa wa 'yartsanarta tuwon ƙasa a gwangwani, tana yi mata faɗa don ta ƙi ci. Rumbu ya kusa ƙarewa, kowa ya sani. Arzika ya kalli yarinyar ya kau da kai. Ya san kansa. Ranar da ta kwanta tana kallon tabarma, da hannunsa zai fasa tulun.

Ya ce, "Ni ba ni da irin zuciyarki. Gara in ba ƙasa ajiya. Ita ba ta jin kukan yara."

Inna ta daɗe tana juya dunƙulen. Can ta ja jiki ta sauka daga kan tabarmar.

Daniel Bakambare ne, manomi a bakin tafkin Kainji, gajere mai tumbi da dariyar da ake ji daga tsallake. Arzika ne ya gina masa rijiya shekarun baya, tun daga nan kuma ba su daina tsokanar juna ba. Yana hango shi da tulu a kafaɗa ya ce wa matarsa, "Ruth, ɓoye randa, ga mai tsoron ruwa ya zo bakin ruwa. Na-Shanga, yunwa ce ko hauka?"

"Duk biyun. Aron gona na zo."

Daniel ya kai shi. A shekarar tafkin ya ja baya fiye da yadda aka saba, ya bar fili shimfiɗe, baƙi, mai taushi kamar ƙullu. Mutanen wurin haka suke noma, ruwa na ja suna binsa da shuka. Can ƙasa kuma tsohon ƙauyen su Daniel ya fito, wanda ruwa ya cinye tun sa'ad da aka datse kogin Kwara aka tashe su. Ba abin da ya rage sai fasassun tukwane, da ɗan tudun kufai, da duwatsun niƙa a jere inda matan da suke niƙa.

Daniel ya nuna wani yanki daga sama ya ce, "Ga naka nan, daga bishiyar can zuwa nan."

Arzika ya durƙusa ya gina. Sai da ya wuce wuyan hannu da taƙi guda kafin ya ji sanyi. Ya tashi ya gangara, ya sake ginawa. Ya ƙara gangarawa. Duk inda ya sauka, danshi na ƙara tasowa ya tarye shi. Bai tsaya ba sai da ya wuce duwatsun niƙan, inda yatsa kawai za ka soka ya fito da laima. Mutumin da ya yi wata guda yana zura hannu a toka, ga shi a ƙasar da ke manne wa farce. Har hawaye ya cika masa ido.

Daniel ya biyo shi, ba dariya a fuskarsa. "Nan ba a wuce duwatsu, aboki. Ko an wuce, da ɗan alayyafo ne, abin da in ya tafi ba a kuka. Ruwa na dawowa."

Arzika ya ɗaga kai ya dubi sama, fara fat, ko girgijen rantsuwa babu. "Ya dawo daga ina? Daga Shanga har nan na bi ƙasa da hannuna. Babu ruwa a ƙasar nan, Daniel."

"Wanga ruwa ba na samanmu ba ne. Daga ƙasashen da ni da kai ba mu taɓa zuwa ba yake tahowa. Sai a yi shi can, mu nan muna shanya, ya iske mu."

"Geron Inna gajere ne. Kafin baƙonka ya ɗaura kaya mun yi girbi."

"Hannunka ƙasa ya sani. Bai san tabki ba."

Arzika ya ji, amma bai saurara ba. Shi ɗan tudu ne, duk rayuwarsa abokin gaba ɗaya ya sani, kuma daga sama yake zuwa. Ya fasa lakar bakin tulu, ya shuka tun daga duwatsun har kan ɗan tudun kufai. Da ya gama ya kife tulun ya buga gindinsa.

Geron ya fito, kai ka ce ana jan shi da igiya. Arzika ya kafa bukka daga sama kusa da ta Daniel, ya tare a can. Masu zuwa daga Shanga suna kawo labarin tudu, har yanzu ba ɗigo, an yi roƙon ruwa, an fara sayar da awaki. Su tsaya su kalli geronsa kore shar su ce, "Likita ya yi wa kansa magani." Ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi. A makonnin nan har an ji Arzika yana waƙa, in dai za a kira abin da ke fita daga maƙogwaronsa waƙa.

Wata safiya ya ga Daniel a bakin ruwa yana soka kara a daidai inda laka ta haɗu da tafki.

"Mi kake yi?"

"Tambaya nake yi."

Washegari karan yana tsaye cikin ruwa. Ba a yi hadari ba, ba a yi iska ba, ranar ma har ta fi jiya zafi. Ruwan kuma ya canza launi, ya yi fari-fari kamar an dama koko a ciki. Arzika ya tsaya yana kallon karan. Ya soka wani a sabon bakin. Kashegari shi ma ya shiga.

Abin da ya fi ba shi tsoro, ruwan ba ya ƙara. Farin da ya sani yana da alama, ganye ya naɗe, ƙasa ta tsage. Wannan kuwa lallaɓowa yake yi kamar maciji a ciyawa. Ka juya ka yi alwala, ka waigo ya ci kunya guda. Arzika ya ciro zangarniya ya ciji ƙwaya. Farin ruwa ya fito kamar nono. Wanda ya san gero ya san ma'anar wannan. In an yanke yanzu, za a gasa a ci tumu, yara su yi murna, amma ko ƙwaya ɗaya ba za ta tsiro baɗi ba. In an jira ta ƙosa ta zama iri, to ruwa ma ba zaune yake ba.

Da ruwa ya shiga layukan ƙasa, ba shawara, suka yanke. Ruth ta gasa, yaran unguwa suka ci har da rawa. Aka aika wa Zainabu da sauran a mota. Arzika ko ɗanɗanawa bai yi ba. Haka aka yi ta yi, ruwa ya ci layi, su riga shi yankewa. Sai kuma ruwan ya yi abin da Arzika bai zata ba, ya zagayo ta baya, ta wani ɗan kwari, ya rufe duwatsun niƙan. Gonar ta rage ɗan tudun kufai kaɗai, tsibiri a tsakiyar ruwa, da geron da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba.

Daniel ya ce, "A yanke yau. Ko ba komai ciki ya samu."

"Kawo mini zangarniya ɗaya."

Daniel ya tura kwale-kwale ya kawo. Arzika ya ciza. Ta daina nono, amma tana lotsewa a haƙori kamar danko.

"Saura kaɗan."

"Kullum saura kaɗan. Jiya masunta sun ga dorina ta taso da 'ya'yanta wajen can. In ta hau tudun nan, ko kara ba za ka samu ba."

"Saura kaɗan, Daniel."

Daga ranar ya daina cin abincin kirki. Yana zaune a bakin ruwa tun asuba, ido a kan tsibirin. Ya ga ruwa ya rufe ƙasar tudun, ya kama gindin karan, ganyen ƙasa suka fara yin rawaya. Duk wani baƙin abu da ya motsa a ruwa sai zuciyarsa ta ce dorina ce. A lokacin ne kuma aka kawo labari an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Shanga, bayan lokacin gero ya wuce. Wanda ya kawo labarin ya zaci albishir ya kawo.

Ranar da ruwa ya kai rabin kara, iska ta taso daga yamma, geron ya fara kwantawa. Daniel ya kwance kwale-kwale ya ce, "Yau kam ba tambayarka nake yi ba. Amma ni kaɗai ba zan iya ba. In na saki gora, iska ta tafi da jirgi. Wani sai ya sauka ya yanka."

Ya waiga. Maza duk sun tafi ceton masararsu. Saura Arzika.

Yadda ya shiga jirgin nan, Daniel har gobe yana kwaikwayonsa a kasuwa: a rarrafe, ido a rufe, yana karanta duk abin da ya haddace har da wanda bai haddace ba. Amma a ranar ba wanda ya yi dariya. Da suka isa, Daniel ya kafa gora ya riƙe da ƙarfinsa duka. Arzika ya ciji wuƙa, ya zura ƙafa ɗaya, ya zura ta biyu. Ruwa ya kama shi a ƙugu, ya hau ciki, ya tsaya a ƙirji. Sai tafin ƙafarsa ya taɓa ƙasa, yatsunsa suka nutse a kunyar da shi ya yi da hannunsa. Ita ya riƙe.

Ya kamo zangarniya ya ciza. Ta lotse. Ya jefa a jirgi. Ya kamo wata daga tsakiya, inda tudun ya fi tsayi. Ta ce ƙas a haƙorinsa.

"Daniel, wagga ban da ita. Aje ta daban."

"Yanka kawai, a gida a tantance."

Bai ji ba. Kowace sai ya ciza kafin ya miƙa. Can wani abu ya yi huci a bayan ciyawa, mai nauyi, kamar zugazugin maƙera. Daniel ya yi ƙasa da murya ya ce, "Na-Shanga, kada ka waiga. Taho." Arzika bai waiga ba, bai kuma taho ba, sai da ya yanke ukun da suka rage a gabansa. Da wuyan riga Daniel ya jawo shi ciki.

Waɗanda suka ce ƙas, da aka haɗa su, ko rabin dami ba su kai ba.

Ya shanya su a kan rufin bukka, yana zaune a gindi yana korar tsuntsu. Da suka bushe ya sussuka da hannu, ya gauraya da toka, ya zuba a tulu, ya hau mota. A hanya direba ya tsaya, bai sauka ba. Direban ya ce, "Likita, yau ba asibiti?" Ya ce yau yana da majinyaci a cinya.

Inna ta zura hannu a tulun. Hannun ya yi ta tafiya kafin ya taɓa iri. Ta ɗebo ta murza kusa da kunne.

"Bai kai yadda ka ɗauka ba."

"Bai kai ba, Inna."

"Amma yana da rai." Ta mayar ta kakkaɓe tafinta a ciki, don kada ƙwaya ta bi ta. "Rumbu hwa?"

Zainabu ta ce, "Sai abin da waken da munka yafa bayan ruwan nan ya bayar. Sai kuma in an samu aikin rijiya da rani."

Inna ta tura tulun da ƙafa har ya taɓa gwiwarsa. "Ni yanzu ko akuya ta ture ni. Kai ka kai shi ɗakinka."

Ya kalli tulun. Ya bi mota, ya bi tafki, ya shiga ruwa har ƙirji don gudun abu ɗaya, kwanciya a kan tulu, ga shi ya iske shi a gida yana jiransa.

Da la'asar ya ɗauki dagi ya shiga ɗaki. Ƙasar ɗakin a bushe take har gwiwar hannu, yadda iri ke so. Ya liƙe bakin tulu da laka, ya saka shi, yana cikin mayar da ƙasa Shamsiyya ta leƙo da 'yartsanarta a goye.

"Baba, mi ke ciki? Tumu ne?"

Bai ɗaga kai ba. "Ƙasa ce. Ta Wara."

Ta yi tsaki irin na manya. "Kai kullum ƙasa." Ta juya ta tafi.

Ya daddale wurin da tafin hannu, ya jawo tabarma ya shimfiɗa a kai. Ya zauna. Daga tsakar gida yana jin ta tana yi wa 'yartsanar faɗa, wai ta ci, abinci ba abin wasa ba ne.